Labarin Zuciya a Tambayi Fuska: Yanayi da Alamtarwa a Hoton "Nijeriya a 1959" na Demas Nwoko

1.0 Gabatarwa

A cikin shekarar 1960, watau shekarar da Nijeriya ta sami mulkin kai, wani ɗalibi na Sashen Zane-zane a Kwalejin Fasaha da Kimiyya da Ƙere-ƙere ta Nijeriya da ke Zariya, mai suna Demas Nwoko, ya zana wani hoto da fentin mai, ya raɗa masa suna "Nijeriya a 1959". Duk da girman wannan suna, abin da ke cikin hoton mutane ne kurum: jami'an mulkin mallaka Turawa zaune a gaba, da masu tsaronsu baƙar fata cikin kayan sarki tsaye a bayansu. Masana tarihin zane, irin su Farfesa Chika Okeke-Agulu a littafinsa na 2015, sun sanya shi cikin muhimman hotunan da 'yan Nijeriya suka zana a kan ƙarshen zamanin Turawa.

Manufar wannan maƙala ita ce, da farko, a bi tarihin da ya haifar da hoton. Na biyu, a feɗe yanayinsa da alamomin da ke cikinsa da kayan aikin da masu nazarin adabin Hausa suka saba da su. Na uku kuma, a auna shi da yadda mutanen karkara, irin na ƙasar Batsari da Safana a yammacin Katsina, suka san mulkin Turawa da tsarin sarauta. Dalilin yin haka kuwa shi ne, malamai da yawa suna ɗaukar zanen zamani a matsayin baƙon abu wanda sai da Ingilishi ake iya bayaninsa, alhali kuwa Hausa tana da ma'aunanta na karanta fuska da tufafi da zama.

2.0 Yadda Bahaushe Ya Saba Siffanta Mutum

Kafin zuwan Turawa, zana surar mutum bai zama sana'a ba a ƙasar Hausa, musamman saboda ƙyamar da malamai ke yi wa suranta abu mai rai. Hikimar masu zane sai ta kwarara cikin adon gine-gine, da aikin riguna irin su aska takwas da aska biyu, da dagi, da zayyanar allo, da sassaƙar ƙwarya. Amma wannan bai hana Bahaushe siffanta mutum ba. Da baki yake yi. Kirari da take da waƙar fada su ne suka tsaya a matsayin hoton basarake, kuma makaɗa irin su Narambaɗa da Ɗanƙwairo da Sarkin Taushin Katsina su ne gwanayen wannan aiki. Idan ana son ɗaukaka mutum a yi masa kirari, idan ana son muzanta shi a yi masa zambo, idan kuma ana son a soke shi ba tare da an kama suna ba a yi habaici.

Bayan magana, akwai kuma harshen tufafi da na zama. Duk yaron da ya taɓa ganin Sarkin Ruma, hakimin Batsari, ko Yarima, hakimin Safana, sun shiga Katsina da dawakinsu don hawan salla, ya san cewa kowane abu a jikin mahayi magana yake yi. Rawani mai kunne biyu yana nuna jinin sarauta. Alkyabba da laima suna nuna matsayi. Jan kaya da kore na dogarai ne. A fada sarki ke zaune a bisa, fadawa a ƙasa, dogarai a tsaye. Sa'an nan ga amawali, wanda ke rufe bakin basarake. Hausawa na cewa labarin zuciya a tambayi fuska. To amawali yana hana a yi wannan tambaya, don kada talaka ya ga fushin sarki ko gajiyarsa ko tsoronsa. Wani ɓangare na abin da ake kira kwarjini daga nan yake fitowa, watau daga fuskar da ba a iya karantawa. Wannan batu za a sake komowa kansa a gaba.

3.0 Asalin Sabon Salon Zana Mutum

A Turai, ƙarnoni da dama aikin mai zanen mutum shi ne ya fito da kamanni sosai, ya kuma ƙawata wanda ya biya shi. Da aka bayyana fasahar ɗaukar hoto da na'ura a Faransa a 1839, sai kamanni ya zama abu mai araha, masu zane kuma suka shiga neman abin da na'ura ba ta iya kamawa. A 1890 Vincent van Gogh ya zana likitansa, Dokta Gachet, ya yi tagumi, da reshen wani tsiron magani a gabansa. Tagumin ya ba da yanayin baƙin ciki, tsiron kuma ya alamta sana'arsa. A 1905 Henri Matisse ya zana matarsa da koren layi daga goshi zuwa hanci. A 1915, lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, Bajamushen nan Ernst Ludwig Kirchner ya zana kansa cikin kayan soja da guntulallen hannu, alhali hannunsa lafiya lau yake. Abin da yake nufi shi ne yaƙi ya kashe masa ikon yin sana'arsa. Ke nan a sabon salo, karkatar da sura da sauya launi ba kuskure ba ne. Daidai suke da abin da masu nazarin waƙa ke kira kambamar zulaƙe da alamtarwa. Abin lura kuma shi ne, da yawa daga cikin waɗannan Turawa, har da Pablo Picasso, sun koyi wannan ƙarfin hali ne daga sassaƙe-sassaƙen Afirka da suka gani a gidajen tarihi na Turai.

A Nijeriya tafiyar ta bi wata hanya dabam. Aina Onabolu, wanda ya rayu daga 1882 zuwa 1963, ya dage kan zana manyan mutanen Legas da cikakken kamanni, don ya ƙaryata masu cewa baƙar fata ba zai iya zane irin na Turawa ba. Ben Enwonwu kuma ya kai ga Sarauniya Elizabeth ta Biyu ta zauna masa a London a 1957, ya yi mutum-mutuminta na tagulla. Duka biyun, a ma'aunin Hausa, aikin kirari suka yi: sun ɗaukaka wanda suka siffanta. Ɗaliban Zariya su ne suka zo da wata murya.

4.0 Zariya, 1955 zuwa 1961

An mayar da Sashen Zane-zane daga Ibadan zuwa Zariya a 1955. Yawancin malaman Turawan Ingila ne, manhajar kuma irin ta makarantun ƙasarsu ce, ko da yake akwai Clara Ugbodaga-Ngu cikin 'yan ƙasa ƙalilan da suka koyar a wurin. A 1958 waɗansu ɗalibai suka kafa Ƙungiyar Masu Zane, wadda daga baya aka riƙa yi wa 'ya'yanta laƙabi da 'yan tawayen Zariya. Cikinsu akwai Uche Okeke, wanda ya tashi a Kafanchan, da Demas Nwoko, da Bruce Onobrakpeya, da Yusuf Grillo, da Simon Okeke. A 1960 Uche Okeke ya bayyana aƙidarsu, wadda gundarinta shi ne mai zane ya ƙware a dabarun zamani, sa'an nan ya koma ga gadon mutanensa ya haɗa su, har su zama abu guda ba tare da tilas ba. Ƙungiyar ta watse a 1961 da manyan 'ya'yanta suka gama karatu, kwalejin kuma ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962.

Zaman Zariya ya bar tabo a ayyukansu. Uche Okeke ya zana wani hoto mai suna "Juma'a" a 1961. Abokin karatunsu Jimo Akolo, mutumin Egbe, ya zana makaɗin Hausa a 1961 da mahayan Fulani a 1962. Shi kuwa Nwoko, an haife shi a 1935 a Idumuje-Ugboko, cikin Jihar Delta ta yanzu, kuma ɗan sarkin garin ne. Wannan yana da muhimmanci ga nazarin hoton, gama wanda ya tashi a fada ya san yadda ake shirya zaman masu mulki don a cika idon jama'a, ya kuma san abin da ke rushe wannan shiri. Daga baya ya karanci tsara dandalin wasan kwaikwayo a Faris, ya koyar a Jami'ar Ibadan, ya shahara a fasahar gine-gine, har aka ba shi babbar lambar yabo ta bikin baje kolin gine-gine na birnin Venice a 2023.

5.0 Shekarar 1959

Ba banza mai zanen ya sa shekara a sunan hotonsa ba. Jihohin Gabas da Yamma sun sami mulkin kansu na cikin gida tun 1957. Jihar Arewa ta sami nata ranar 15 ga Maris, 1959, ranar da ta yi daidai da shekara 56 da faɗuwar Sakkwato a hannun sojan Ingila a 1903, aka kuma yi gagarumin hawan daba a Kaduna a wannan shekara don murna. Ranar 12 ga Disamba aka yi zaɓen tarayya wanda ya tabbatar da Abubakar Tafawa Ɓalewa a kujerar Firayim Minista. A lokacin Sir James Robertson ne Gwamna Janar, Sir Gawain Bell kuma Gwamnan Arewa. Gwamnatin Sardauna tana ta gaggawar horar da 'yan Arewa don su karɓi ayyukan gwamnati, Turawa da yawa kuma suna karɓar kuɗin sallama suna komawa gida. Saboda haka Razdan ko Di'o na 1959 yana nan da kakinsa da kujerarsa da masu yi masa fareti, amma ya san an riga an sa ranar tashinsa. Wannan tsaka-mai-wuya ita ce hoton ya kama.

6.0 Feɗe Hoton

Masanin tarihin zane Erwin Panofsky, a littafinsa na 1939, ya kasa karatun hoto hawa uku: abin da ido ya gani, sai ma'anar da al'ada ta ba abin da aka gani, sai kuma abin da hoton ke faɗa game da zamaninsa. Wannan tsari bai yi nisa da yadda ake bi a gadon feɗe waƙa ba, inda ake duba zubi da tsari da salo da jigo.

6.1 Abin da Ido Ya Gani

Sahu biyu ne. Na gaba Turawa ne a zaune, haske ya sauka a kansu, fuskokinsu an ja su sun yi tsawo, sun yi yaushi, jikinsu kuma ya saki a kan kujeru. Na baya baƙar fata ne a tsaye cikin duhu, har sai an ƙura ido kafin a rarrabe fuskokinsu sosai. Tsarin zaman irin na hoton hukuma ne, wanda ake ɗauka a bariki ko a rumfar manyan baƙi ranar biki, manya a zaune, ƙanana a tsaye.

6.2 Yanayi

Yanayin hoto shi ne halin da yake jefa zuciyar mai kallo kafin ya fara tunani. A nan yanayin na gajiya ne da zaman jiran tsammani. Abubuwa uku suka haɗu suka samar da shi. Na ɗaya, layukan fuska duk ƙasa suka nufa, kamar na wanda ya kwana bai yi barci ba. Na biyu, zaman ba na mai iko ba ne. Mai iko yakan miƙe ƙirji, waɗannan kuwa kujera ce ke riƙe da su. Na uku, duhun baya ya matso sahun gaba, bai bar wata sarari da ido zai huta ba. Shekarar biki ce, amma babu fara'a a fuskar waɗanda aka ba wurin zama mafi daraja.

6.3 Alamtarwa

Alama ta farko ita ce kujera. A hoton hukuma, kamar yadda yake a fada, zama alamar fifiko ne, tsayuwa alamar hidima. Nwoko bai sauya wannan tsari ba, sai dai ya juya ma'anarsa: zaman ya koma alamar kasala, tsayuwar ta koma alamar shiri. Alama ta biyu ita ce haske. An saba haske ya zama ɗaukaka, amma a nan tonon asiri yake yi, gama shi ne ya bayyana duk wani rauni a fuskokin Turawan. Alama ta uku ita ce duhu, kuma tana ɗaukar fassara biyu. Ana iya cewa duhun yana nuna yadda mulkin mallaka ya mayar da ɗan ƙasa abin da ba a gani, ba a san sunansa ba. Ana kuma iya cewa duhun mafaka ne, inda mai jira ke ɓoye abin da ke ransa. Babu dalilin zaɓen ɗaya a jefar da ɗaya, domin duka biyun gaskiya ne game da 1959.

A nan ne batun amawali ya dawo. A ma'aunin fada, fuskar mai mulki ce ake rufewa, ta bara kuma a buɗe take. A wannan hoto an tuɓe wa masu mulki amawali, kowa na iya karanta zuciyarsu, duhu kuma ya naɗa wa masu tsaronsu. Watau kwarjini ya tashi daga sahun gaba ya koma sahun baya, ko da yake kujerun ba su motsa ba. Wannan shi ne jigon hoton.

6.4 Kirari, Zambo ko Habaici?

Hoton hukuma kirari ne da aka yi da na'ura. Nwoko ya ari zubinsa ya zuba wani abu dabam a ciki, kamar makaɗin da ya ɗauki amon take ya rera suka a kansa. Muzanta sura da ya yi dabarar zambo ce. Amma bai kama sunan kowa ba. Bai ce ga Gwamna wane ko Razdan wane ba, sai ya sa sunan ƙasa da shekara. Saboda haka ya fi kusa da habaici, wanda ke barin mai laifi ya tsargu da kansa. Rashin kama suna kuma shi ne ya ɗaga hoton daga siffanta mutane zuwa siffanta zamani.

7.0 Abin da Hoton Bai Nuna Ba

Mai kallo daga ƙasar Ruma ko Safana zai lura da wani giɓi. Wannan yanki, mai iyaka da dajin Rugu, ya sha gwagwarmaya a ƙarni na 19 sa'ad da yake bakin daga tsakanin Katsina da mayaƙan Maraɗi. Bayan Turawa sun shiga Katsina a 1903, suka naɗa Muhammadu Dikko sarki a 1906, aka tsara ƙasar gunduma-gunduma, aka umarci hakimai su zauna a cikin gundumominsu. Daga 1926 zuwa 1934 ma Katsina a ƙarƙashin Lardin Zariya take, kafin a ba ta lardin kanta. A ƙarƙashin wannan tsari, manomin Batsari ko makiyayin Runka ba kasafai yake ganin Bature ba, sai in Di'o ya fito rangadi. Haraji da jangali ta hannun mai unguwa da dagaci da hakimi suke bi zuwa baitulmalin En'e. Shari'a a gaban alƙali ake yi, kamu kuma aikin dogari ne da ɗan doka.

Wannan sahu na tsakiya babu shi a hoton Nwoko. Ya raba Nijeriya biyu, fari da baƙi, mai zama da mai tsayuwa. A Arewa kuwa gardamar siyasar shekarun 1950, tun daga kafa jam'iyyar NEPU a Kano a 1950, ta fi karkata ga wannan sahu na tsakiya: wane ne zai gaji ikon Bature, kuma me zai rage a hannun En'e? Wannan ba ya rage darajar hoton, amma yana nuna iyakarsa. Idon ɗalibi ne ɗan kudu, mai kishin ƙasa, wanda ya kalli mulkin mallaka daga rumfar biki. Wanda ya kalle shi daga layin biyan haraji zai ƙara wasu fuskoki.

8.0 Hattara da Fassarar Bayan Fage

Akwai wata fassara mai jan hankali da ya kamata a yi taka-tsantsan da ita. Ranar 15 ga Janairu, 1966, sojoji suka yi juyin mulki, aka kashe Sardauna da Tafawa Ɓalewa da waɗansu shugabanni, daga 1967 zuwa 1970 kuma aka yi yaƙin basasa. Wanda ya san wannan tarihi, in ya dubi masu kaki da ke tsaye cikin duhu, zai so ya ce mai zanen ya hango abin da ke tafe. Amma a 1960 manyan hafsoshin sojan Nijeriya yawancinsu Turawa ne, kuma sai a 1965 ɗan ƙasa, Aguiyi-Ironsi, ya karɓi shugabancin rundunar. Abin da hoton ya tabbatar shi ne mulki na shirin sauya hannu. Bai faɗi hannun da zai faɗa ba. Da yaƙi ya zo, Nwoko ya zana soja a matsayin jigo mai zaman kansa, cikin siffa mai ban tsoro, kuma a waɗannan ayyuka ne ya dace a nemi ra'ayinsa game da mulkin bindiga. Ƙa'idar ita ce, duk ma'anar da za a jingina wa alama sai ta sami shaida a cikin hoton, ta kuma dace da abin da mai zanen zai iya sani a lokacinsa.

9.0 Kammalawa

An ga yadda hoton "Nijeriya a 1959" ya fito daga haɗuwar abubuwa uku: sabon salon zane da ya yarda a karkatar da sura don a faɗi gaskiyar zuci, da yunƙurin ɗaliban Zariya na 1958 zuwa 1961, da halin da jami'an Turawa suka shiga a shekararsu ta ƙarshe. An kuma ga cewa kalmomin kirari, zambo, habaici, kwarjini da alamtarwa sun isa su ɗauki nauyin bayaninsa. Malamin da ke koyarwa a Batsari ko Safana yana iya ajiye wannan hoto kusa da hoton wani hakimi cikin rawani da amawali, ya tambayi ɗalibansa abu uku: wa ke zaune, wa ke tsaye, kuma fuskar wa ake iya karantawa. Sauran aiki yana ga masu bincike, musamman tattara tsofaffin hotunan hakimai da na rangadi da ke gidajen sarauta na yammacin Katsina da Gidan Adana Takardun Tarihi na Kaduna, don a nazarci sahun tsakiyar nan da Nwoko ya bari.